Daga kantin Bature zuwa kantin araha: Abin da ya raba Kafanchan da manyan kantuna

A duk ƙarshen shekara, ma'aikata 'yan asalin Kudancin Kaduna da ke aiki a Abuja sukan cika bayan mota da shinkafa, man girki, madara da atamfa kafin su kama hanyar gida, wasu ta Keffi da Akwanga, wasu ta Bwari da Jere zuwa Kwoi. Akasarin kayan a manyan kantunan birnin tarayya ake sayensu. Kakannin waɗannan ma'aikata kuwa Kafanchan suke zuwa sayayya, domin a zamaninsu jirgin ƙasa ne ke kawo hajar har tsakiyar garin. Yadda al'amarin ya juya, tarihi ne da ya shafi aljihun kowane mai albashi.

Kanti ya biyo jirgi

A shekarar 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya sadu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga sassan ƙasar nan suka yi ta kwarara, garin ya bunƙasa har fadar Sarkin Jama'a ta dawo cikinsa.

A wancan zamani kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, layin dogo suke bi suna buɗe shagunan da Hausawa suka kira kanti. Cinikinsu baki biyu ne: su sayi gyaɗa, auduga da fata daga manoma, su sayar musu da gishiri, kananzir, yadi da kwanon rufi. Kudancin Kaduna kuma tana da citta, wadda har yau ita ce abin alfaharin Kachia, Jaba da Kagarko.

A 1948 UAC ya buɗe kantin Kingsway a Legas, daga baya ya yi rassa a birane irin su Kano da Kaduna. Leventis, UTC da Chellarams su ma suka yi tashe. Har yanzu mutanen Kaduna na kwatance da shataletalen Leventis. Sai dai waɗannan kantuna na Turawa ne da manyan ma'aikata. Ƙaramin akawu yakan shiga ne ya ba ido abinci, sai kuma lokacin da ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ɗan buɗe masa ƙofa.

Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sauya mallakar irin waɗannan harkoki. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, shigo da kaya ya yi wuya, jama'a suka koma bin layin sabulu da madara. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, ya kuma rage ƙarfin albashi. Kingsway ya rufe, abin da ya rage daga gare shi sai sashen abincinsa da ya rikiɗe ya zama Mr Bigg's. A daidai wannan lokaci harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, Kafanchan ta rasa abin da ya sa hajar ke sauka a cikinta.

Yadda ake samar da araha

Kantin araha tsari ne na daban da na Kingsway. A Amurka ya yi ƙarfi ne a 1962, shekarar da aka buɗe Walmart, Kmart da Target. Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Mai kanti yana sayen kaya tirela-tirela kai tsaye daga masana'anta, ya tsallake dillalai, ya ɗora riba kaɗan a kan kowane abu, ya dogara ga yawan ciniki. Katan ɗin da ya bar riba ƙanƙanuwa amma ya ƙare sau goma a wata, ya fi wanda ya bar riba mai tsoka yana zaune yana shan ƙura.

Akwai kuma bashin masana'anta. Babban kanti kan karɓi kaya ya biya bayan makonni, alhali mai saye nan take yake biya. Ma'ana, da kuɗin wasu yake juyi. Sannan akan karya farashin 'yan kayan da kowa ya san kuɗinsu, kamar sukari da taliya, domin a jawo mutum ciki. Da zarar ya tura keken sayayya, ribar tana fitowa daga turare, tufafi da kayan kicin da bai zo da niyyar saye ba.

Wannan tsari na buƙatar abubuwa uku: taron masu saye da kuɗi a hannu, wuta mai ɗorewa, da hanya mai kyau daga ma'ajiya zuwa kanti. Idan ɗaya ya gurgunce, riba ƙanƙanuwar nan ce ke fara tafiya.

Baƙi sun zo, sun tafi

Shoprite na Afirka ta Kudu ya shigo Najeriya a 2005. A 2014 ya buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero da ke Kano, inda kantin Game ma ya samu wuri. Game na ƙarƙashin Massmart ne, kamfanin da Walmart ya sayi mafi rinjayen hannun jarinsa a 2011. Ba a jima ba lissafi ya ƙi fita: Woolworths ya fice a 2013, Mr Price a 2020, Shoprite ya sayar da harkarsa ga 'yan kasuwar gida a 2021, a shekarar ce kuma Massmart ya bayyana aniyar rabuwa da kantunansa na Najeriya. A farkon 2024 aka rufe reshen Shoprite na Kano. Wahalar samun dala da tsadar dizal na cikin dalilan da aka fi ambata.

Waɗanda suka jure su ne 'yan gida. Sahad Stores, wanda Alhaji Ibrahim Mijinyawa ya kafa a Kano, ya zama wurin sayayyar ma'aikata a Area 11 da tsakiyar Abuja. Jifatu ya yi suna a Gusau, Sakkwato da Kano. Sun san lokacin kayan azumi, sun san na lefe, sun san ranar da albashi ke shiga. Da ɗan gari akan ci gari.

Duk da haka, girman kanti ba ya ɗauke wa mai saye sa ido. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta rufe reshen Sahad na Area 11 na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke manne a kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya, sannan ta sake buɗe shi. Ga ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya zama naira 70,000 a 2024, duba rasit kafin fita daga kowane kanti ba ƙwauro ba ne.

Ina Kafanchan ta tsaya?

Kafanchan na da masu albashi: akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, kwalejin koyon aikin jinya, babban asibiti, da Kwalejin Ilimi a Gidan Waya. Amma yawancin kuɗin yankin na noma ne, kuma da kaka yake zuwa. Cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta nuna yadda shekara guda ke iya kwashe cinikin gari. Ga matsalar tsaro da ta sha jawo dokar hana fita, ga tsadar sufuri tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Mai kantin da ribarsa ta rataya ga ciniki kullum zai yi dogon lissafi kafin ya zuba jari.

Akwai kuma abin da kasuwa ke yi wanda kanti ba ya yi. A kasuwar Kafanchan ko ta Zonkwa ana taya kaya, ana auna rabin mudu, ana ba wanda aka sani bashi zuwa ƙarshen wata. Kanti farashinsa ɗaya, kuma ba ya sanin kowa.

Saboda haka kuɗin da ɗan yankin ya samu a Abuja, a Abuja yake kashe su, har da na tsarabar gida. Masu tsara manufofi a ma'aikatu, waɗanda da yawansu ke cikin masu wannan sayayya, suna da darasi a tarihin garin. Kanti ya zo Kafanchan ne saboda jirgi ya sauƙaƙa jigila, ya kuma ja baya da jirgin ya tsaya. Farfaɗo da layin dogon gabas, gyaran hanyoyin Kwoi da Gwantu, wuta da zaman lafiya su ne za su sa farashin katan ɗin madara a Kafanchan ya kusanci na Garki.