Wai Sin Za Ta Ƙwace Najeriya Saboda Bashi?

Duk sanda tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, sai tsohon saƙon nan ya sake yawo a WhatsApp da majalisun masu shayi: wai an jinginar da Najeriya ga ƙasar Sin, kuma ranar da aka kasa biya za ta zo ta karɓe filayen jirgin sama da layin dogo. Abin haushi, har da masu boko a cikin masu tura shi.

Maganar ta yi ƙarfi ne a tsakiyar 2020, lokacin da annobar korona ta karya farashin ɗanyen mai. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zaƙulo wani sashe a yarjejeniyar bashin dala miliyan 400 da aka ƙulla da Sin a 2018 don aikin sadarwa, inda Najeriya ta amince ba za ta fake da rigar kariyarta ba idan saɓani ya taso. Kafin a ce kwabo, labari ya koma "an sayar da ƙasa". Alhali ma'anar sashen ba ta wuce wannan ba: idan rigima ta tashi, gwamnati ba za ta ce ita ƙasa ce mai cin gashin kanta don haka ba mai kai ta gaban masu sasantawa ba. Irin wannan sharaɗi ruwan dare ne a bashin ƙasa da ƙasa, domin babu mai ba da kuɗinsa ga wanda ba a iya ƙararsa.

Sai batun yawan bashin. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya bayyana cewa a ƙarshen Maris 2020 kuɗin da Sin ke bin Najeriya dala biliyan 3.1 ne, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100 na jimillar bashin gwamnati. Ruwansa kashi 2.5 ne a shekara, wa'adinsa shekara 20. A kwatanta da takardun lamunin da Najeriya ta sayar a kasuwar duniya a Disamba 2024, waɗanda ruwansu ya kai wajen kashi 10. Wanne ya fi shaƙe wuya? Amma ba a jin mai tura saƙo a kan wannan, saboda ba shi da daɗin tsoratarwa.

Masu jita-jitar suna son kafa hujja da tashar jiragen ruwa ta Hambantota a Siri Lanka. Gaskiya ne a 2017 an ba wani kamfanin Sin hayarta ta shekara 99, sai dai gwamnatin ƙasar ce ta bayar da ita da hannunta a kan sama da dala biliyan 1 don tana neman kuɗin waje ruwa a jallo, kuma bashin ginin tashar bai goge ba. Filin jirgin Entebbe da aka yi ta yayatawa a 2021 cewa an ƙwace, har yau a hannun Yuganda yake. Jiragen fadar shugaban ƙasa uku da wata kotun Faransa ta ba da umarnin tsarewa a 2024 kuwa, ba bashi ne ya jawo ba, rikicin kwangila ne tsakanin wani kamfanin Sin da gwamnatin Jihar Ogun.

Akwai kuma masu cewa ana cikin yunwa, me ya kai gwamnati ga gina dam da gada? A tuna cewa madatsar Kainji, wadda Bankin Duniya ya ba da rance don gina ta, an kammala ta ne a 1968 ana tsaka da yaƙin basasa, kuma har gobe wutarta ake sha. Rashin gyara ma yana da nasa farashin: a Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni.

Wannan ba wanke gwamnati ba ne. Bashi yana da haɗari, amma haɗarin a gida yake. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda da bashi aka yi shi, ya fara aiki a 2016. Bayan harin 28 ga Maris 2022 ya zauna wata takwas babu ko fasinja ɗaya, ruwan bashinsa kuwa bai tsaya ba. Ga 'yan bunburutun tikiti, ga ɓarayin da ke kwance ƙarafan layin dogo su kai wa 'yan gwangwan a auna da kilo. Faɗuwar naira ita ma ta ninka nauyin duk bashin da ake biya da dala.

To me ya kamata talaka ya yi? Da farko, kafin a tura saƙo a tambayi inda ya fito. Alƙaluman bashi suna nan a shafin intanet na ofishin basussuka, kowa na iya dubawa. Idan ɗan majalisa ya zo mazaɓa, a titsiye shi da tambayoyi: nawa aka ranto, a kan wane ruwa, wa aka ba kwangila, yaushe za a gama, da me za a biya? A bambance bashin da ya tafi ga titi da wutar lantarki da wanda ya ƙare a motocin alfarma. Masu unguwanni da limamai su ja kunnen matasa kan satar waya da taransifoma, 'yan gwangwan kuma su daina sayen ƙarfen da suka san na gwamnati ne. Mai ɗan abin hannu da ke gudun riba yana da hanyar zuba jari ta Sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 aka zuba a tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar, kuma allunansa suna nan a bakin hanyoyin da aka yi da shi.

Ga gwamnatoci kuma, na tarayya da na jihohi, roƙon ɗaya ne: a riƙa wallafa yarjejeniyoyin bashi a fili, a fassara su da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a karanta wa jama'a a rediyo kafin a sa hannu.