Hoton Bayanai: Yadda Kamfanoni Ke Maido Da Ajiyarsu Cikin Mintuna, Da Inda Fasahar Ke Gazawa

A da, kamfani kan jira dare ya yi, ma'aikata sun watse, sannan a kwafe dukkan bayanan kwamfutocinsa zuwa kaset ko wani faifai. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, kuma idan matsala ta auku da rana, duk abin da aka shigar tun safe ya salwanta. Wannan giɓi ne fasahar ɗaukar hoton bayanai, wadda masana ke kira sinafshot, ta zo ta cike.

Kwamfuta na adana bayanai ne a ƙananan gutsattsari, tare da taswirar da ke nuna mazaunin kowane gutsure a kan faifai. Idan aka ɗauki hoto, na'urar ba ta kwafe bayanan ba, taswirar kawai take killacewa yadda take a wannan daƙiƙa. Daga nan duk lokacin da aka zo sauya wani gutsure, sai a bar tsohon a ajiye maimakon a shafe shi. Shi ya sa ɗaukar hoton ba ya wuce daƙiƙu, kuma gurbin da yake ci bai wuce girman sauye-sauyen da aka yi bayansa ba.

Kamfanin NetApp na Amurka ya shahara da wannan dabara tun shekarun 1990, Microsoft kuma ta sanya irinta a Windows Server 2003. A yau Amazon da takwarorinsa masu hayar rumbun ajiya ta intanet duk suna bayar da ita. Da ita banki ko asibiti zai iya ɗaukar hoto kowace sa'a, ta yadda idan ma'aikaci ya goge kundin albashi bisa kuskure da ƙarfe uku, a maido da shi yadda yake da ƙarfe biyu.

Sai dai hoton ya dogara ne da ainihin faifan da aka ɗauke shi a kai. Idan faifan ya lalace ko ya ƙone, taswirar ba ta da abin da za ta nuna. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiya na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, wasu abokan hulɗarsa kuma suka rasa bayanansu har da kwafin da ke ajiye a wuri guda.

Masu kutse ma sun san da wannan rauni. Manhajar WannaCry, wadda ta kulle kwamfutocin asibitocin Birtaniya a watan Mayun 2017 tana neman kuɗin fansa, an tsara ta ne ta goge hotunan da Windows ke ajiyewa. A watan Yunin 2014 kuwa, wani ɗan kutse ya shiga asusun kamfanin Code Spaces a Amazon, ya goge hotunan bayanai da sauran ajiya, lamarin da ya tilasta wa kamfanin rufe harkokinsa baki ɗaya.

Saboda haka ƙwararru ke ba da shawarar ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na daban. Suna kuma so a kulle wasu hotunan ta yadda ko shugaban sashen kwamfuta ba zai iya goge su ba sai wa'adinsu ya cika, sannan a riƙa gwada maido da bayanan lokaci zuwa lokaci, domin a tabbatar da cewa ajiyar za ta yi aiki ranar da aka buƙace ta.