Yadda Tsohon Atone-Janar Ya Ɗauki Tuta, Ƙasar Katagum Ta Ci Gaba da Jira

A ƙasar Amurka, jihohi 43 daga cikin 50 jama'a ne ke zaɓen Babban Lauyan Jiha da ƙuri'arsu, kuma a mafi yawansu kafin a kai ga babban zaɓe sai an yi zaɓen fid da gwani a kowace jam'iyya, kamar yadda ake yi wa kujerar gwamna. A Nijeriya ba haka abin yake ba. Sashe na 195 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce kowace jiha za ta sami Atone-Janar, wanda shi ne babban jami'in shari'a na jihar, kuma tilas ya zama lauyan da ya shekara goma yana aikin lauya. Gwamna ne ke naɗa shi, Majalisar Dokokin Jiha ta amince. Manomin da ke Zadawa ta ƙasar Misau, ko mai sayar da hatsi a kasuwar Azare, ba ya ganin sunan wannan mutum a takardar ƙuri'a.

Amma fa muƙamin ba ƙarami ba ne. Sashe na 211 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe ƙarar da wani ya shigar, da kuma janye ta kafin a yanke hukunci. Mutumin da aka tsare bisa zargin babban laifi yakan zauna a gidan yari yana jiran shawarar da za ta fito daga ofishinsa, wani lokaci watanni masu yawa. Saboda haka duk wanda ke son ya sa baki a kan wanda zai riƙe wannan ofishi a Jihar Bauci, hanya ɗaya ce gare shi, wato zaɓen gwamna. Shi kuwa zaɓen gwamna, rabinsa yakan ƙare tun ranar da wakilan jam'iyya suka taru suka tsai da ɗan takara.

A watan Disamba na 2014 aka yi irin wannan taro a Bauci, kuma wanda ya fito da tutar jam'iyyar APC tsohon Atone-Janar ne. Barista Muhammad Abdullahi Abubakar ya karanta shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi aiki a Ma'aikatar Shari'a ta jihar har ya zama Atone-Janar kuma Kwamishinan Shari'a tsakanin 1990 da 1993, daga baya ya yi shekaru a Hukumar Zaɓe ta Ƙasa. Cikin waɗanda ya kayar akwai Dokta Ibrahim Yakubu Lame, tsohon Ministan Harkokin 'Yan Sanda, da Yusuf Maitama Tuggar, mutumin Gamawa, wanda ya yi wa jam'iyyar CPC takarar gwamna a 2011 ya sha kaye a hannun Malam Isa Yuguda. Faɗuwar Tuggar a wannan rana ita ce ta fi yi wa mutanen arewacin jihar ciwo, domin sun san duk wanda ya riƙe tutar jam'iyyar Janar Buhari a wannan shekara ya riga ya yi rabin tafiya.

Dalilin wannan ciwo tsoho ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Bauci a 1976, sau ɗaya tak ɗan ƙasar Katagum ya hau kujerar gwamna ta hanyar zaɓe, wato Alhaji Abubakar Tatari Ali na jam'iyyar NPN, wanda ya yi mulki daga 1979 har soja suka kifar da gwamnatin farar hula a ƙarshen 1983. Alhaji Ɗahiru Muhammad Deba da ya zo a 1992 daga yankin da ya zama Jihar Gombe a 1996 ya fito. Daga 1999 kuwa, Alhaji Ahmadu Adamu Mu'azu ya yi shekara takwas, Malam Isa Yuguda ya yi takwas, dukansu daga kudancin jihar. Guddirawa sukan yi wannan lissafi a majalisa da wurin ɗaurin aure, su haɗa da cewa ƙasar da ta ba Nijeriya manyan ma'aikata irin su Alhaji Sule Katagum da Alhaji Aminu Saleh ba ta rasa mutanen da za su iya riƙe jiha ba.

Abin mamakin shi ne, a zaɓen 2015 ɗan yankin yana cikin takardar ƙuri'a. Jam'iyyar PDP ta tsai da Alhaji Muhammad Auwal Jatau, mutumin ƙaramar hukumar Zaki. To amma shekarar ba ta tambayar garin mutum ba ce. Guguwar canji ta taso, talakawa sun gaji da tashin bama-bamai, ita kanta Azare ta ɗanɗana wannan bala'i a ƙarshen 2014, kuma kiran da ake yi shi ne a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Ranar 11 ga Afrilu tsohon Atone-Janar ya sami ƙuri'a fiye da 650,000, Jatau kuwa bai kai 300,000 ba. Abin da yankin ya samu shi ne kujerar mataimaki, wadda aka ba Injiniya Nuhu Gidado na Jama'are. Bai ƙarasa wa'adinsa ba, ya ajiye aiki a watan Mayu na 2018, aka naɗa Audu Sule Katagum a gurbinsa.

A nan ya kamata a duba yadda ƙasar take a taswira, domin a can ne asirin yake. Jihar tana da ƙananan hukumomi 20. Mazaɓar sanata ta arewa tana da bakwai: Katagum, Zaki, Gamawa, Shira, Giyaɗe, Itas/Gadau da Jama'are. Misau da Dambam suna cikin mazaɓar tsakiya, ko da yake a tarihi da kuma a bakin 'yan siyasa ana lissafa su da shiyyar Katagum, kuma suna cikin masu neman a ƙirƙiro Jihar Katagum. Kudu ma bakwai ne, amma a cikinsu akwai Bauci da Toro da Alkaleri, waɗanda yawan masu rajistarsu kan rinjayi ma'auni. Wakilin jam'iyya da ke zaune a zauren fid da gwani wannan lissafi yake yi kafin ya yi lissafin adalci. Yana son wanda zai ci zaɓe, kuma ba a rasa waɗanda ke son wanda ya fi sakin hannu.

Buƙatun jama'ar yankin kuwa ba su canja da yawa ba daga zaɓe zuwa zaɓe. Kogin Jama'are kan cika ya tumbatsa a damina ya cinye gonakin shinkafa da gidaje a Zaki da Gamawa da Jama'are, har ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2024. Madatsar ruwa ta Kafin Zaki, wadda ake maganarta tun zamanin Shugaba Shehu Shagari, ta zama alkawarin da kowane ɗan takara ke ɗauka. Ba za a ce yankin bai sami komai ba: jami'ar jiha tana Gadau tun 2011, an kuma kafa jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya a Azare a 2021. Sai dai gini daban, iko daban, kuma mutanen sun san bambancin.

Shi ma Barista Abubakar bai ga wa'adi na biyu ba. Ya sake ɗaukar tutar APC a 2018 bayan fid da gwanin da abokan takararsa suka yi ƙorafi a kansa, jam'iyyar ta rabu gida biyu, sannan a watan Maris na 2019 Sanata Bala Muhammad na PDP, mutumin Alkaleri, ya kayar da shi da ƙuri'a 515,113 a kan 500,625. Kujerar ta tashi daga wata jam'iyya zuwa wata, amma ba ta bar kudu ba. Mataimaki ya sake fitowa daga Katagum, wato Sanata Baba Tela.

A watan Mayu na 2022 ne wakilan APC suka yi abin da ba su yi ba a 2014, suka tsai da haifaffen Azare, tsohon Babban Hafsan Sojan Sama Sadique Baba Abubakar. Sanata Halliru Dauda Jika da ya zo na biyu ya fice zuwa jam'iyyar NNPP ya tsaya takara a can. Da aka ƙidaya ƙuri'un watan Maris na 2023, Gwamna Bala Muhammad ya sami 525,280, Sadique ya sami 432,272. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka rantsar da sabon mataimakin gwamna a Bauci, shi ne Muhammad Auwal Jatau na Zaki, wanda shekara takwas kafin nan ya nemi babbar kujerar da kansa.