Abin da Tsuntsun Keji Ke Bukata Bayan Hatsi

A Affala da ƙauyukan arewacin Adar, akan aje tantabara a gida. A cikin birnin Tawa akan tarar da masu kanari, da masu tsirya, jefi-jefi kuma da mai aku. Kusan dukkansu abinci ɗaya ake zuba musu, wato hatsin gero, wani lokaci da ɗan dawa. Tantabarar da ake saki tana cike giɓin da kanta, ta tsinci ƙwayar ciyawa da tsakuwa a bakin gona. Wanda ke cikin keji ba shi da wannan dama, abin da aka miƙa masa shi ne rabonsa.

Gero yana ba da ƙarfi, amma kusan babu sinadarin bitamin A a cikinsa, kuma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne. Tsuntsun da ya daɗe a kansa shi kaɗai, gashinsa yakan dushe, ya riƙa atishawa, idonsa ya kumbura, mace kuma ta yi ƙwai mai laushin ɓawo ko ƙwan ya maƙale mata. Mai shi sai ya ce sanyi ne ya kama shi, alhali sau da yawa daga kwanon abinci matsalar ta taso.

Maganin ba shi da nisa. Ganyen zogale ɗanye, wanda ake tsinka a bayan ɗaki, yana ɗauke da abubuwan nan biyu da gero ya rasa. A rataya ɗan reshe a jikin keji, tsuntsun ya yi ta yaga da kansa. Da rani kuma, idan kayan garka na Tabalak da kwarin Keita suka cika kasuwa, akwai karas da kabewa da salati da kabeji. Kanari sai an kankare masa karas, tsirya da aku kuwa sun fi son gutsuren da za su yi ta gaigaya. Gwanda, gwaba, mangwaro da magarya kayan marmari ne, a ba da kaɗan, dabino ma ƙanƙane saboda zaƙinsa. A wanke komai sosai, domin masu garka suna feshin maganin ƙwari, kuma abin da ya rage a kwashe shi kafin yamma, musamman a zafin Afrilu da Mayu.

Tantabara mai 'ya'ya tana bukatar wake a cikin hatsinta, tunda uwa da uba duka suna fitar da wani abu kamar nono daga maƙoƙonsu su ɗura wa 'yan shila a kwanakin farko. A aje mata tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai, su ne ke taimaka wa ƙundu niƙa, su kuma ƙarfafa ƙashi. Aku da tsirya dafaffen wake ake ba su, ba gishiri ba mai.

Albasa ita ce abin alfaharin jihar Tawa, ta Galmi ta yi suna har bakin teku, amma ba ta tsuntsu ba ce: tana lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, haka ma tafarnuwa. Shi ya sa sauran tuwo da miya bai dace da keji ba. Fiya tana iya kashe ƙaramin tsuntsu. Shayi, kofi da goro suna hargitsa bugun zuciyarsa, don haka a hana yara wasan tsoma wa aku baki a kofin shayi. Irin shuka da aka gauraya da magani shi ma guba ne.

Gyaɗa ce ta fi bukatar lura, saboda aku yana matuƙar son ta. Idan ta sha danshi takan yi funfuna mai fitar da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke cin hanta. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci ƙulin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil, kuma binciken wannan asara ne ya kai ga gano gubar. Ƙwaya biyu ko uku masu tsabta sun ishi aku a yini. Wadda ta yanƙwane, ta canza launi ko take warin ruma, a binne ta inda kaji ma ba za su tono ba.