Malamin gudanar da kasuwanci: Ya taɓa wuni a Sharaɗa?

Duk lokacin da wata jami'a a Kano ta fitar da sanarwar neman malamin da zai koyar da darussan gudanar da kasuwanci, sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: digirin digirgir, yawan maƙalun da ya wallafa, takardar shaidar yi wa ƙasa hidima. Babu mai ja da waɗannan. Sai dai akwai tambayar da kwamitin tantancewa bai cika yi ba: shin mai neman aikin ya taɓa wuni a cikin masana'anta?

Tambayar tana da nauyi a garin da ya mallaki Bompai da Sharaɗa da Challawa. Bompai ce ta fari, tun zamanin Turawa. Sharaɗa ta bunƙasa har kashi uku. Challawa kuwa ta zama matattarar majemu. Wanda ya zaga su a yau zai tarar da ƙofofi da dama a garƙame, wasu gine-ginen kuma sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su. Dalilan sanannu ne: shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da karyewar darajar naira, atamfar Sin da ta mamaye Kantin Kwari, sai wutar lantarki, wadda a watan Afrilun 2024 aka ninka kuɗinta fiye da sau uku ga masu rukunin A.

Amma ba duk laifin ne na gwamnati ba. Masana'antu da yawa sun bi masu su kabari. Maigida ya rasu, magada suka raba injin da fili, shi ke nan. Wasu kuwa tun yana raye ba a bambance kuɗin kamfani da na aljihunsa, manajan ɗan ƙanensa ne, ba wanda ya isa ya tambaye shi lissafi. Wannan shi ne ainihin darasin gudanarwa a Kano, kuma littattafan da aka rubuta kan Toyota da General Motors ba su san da shi ba. Malamin da bai taɓa zama da akawun da ke auna kuɗin dizal da albashin ma'aikata ba, haddar waɗancan littattafai zai ɗora wa ɗalibansa.

Gaskiya ne, manajan da ya shekara 20 a masana'anta ba zai bar kujerarsa don albashin malamin jami'a ba, kuma sau da yawa ba shi da digiri na uku. To, a ɗauke shi na wucin gadi, ya raba darasi da mai digirin. Shi kuma sabon malami a shar'anta masa rubuta nazari ɗaya duk shekara kan wata masana'antar Kano, mai rai ko matacciya, a kuma lissafa masa shi wajen ƙarin girma. Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da aka buɗe gininta a Jami'ar Bayero a 2018 ita ta fi cancanta ta fara, domin tsakaninta da Sharaɗa tafiyar adaidaita-sahu ce kawai.