Feftoyid Mai Siffar Zobe: Haɗinsa da Tsarinsa

1.0 Gabatarwa

Feftayid sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda suke jere bi da bi tamkar 'ya'yan carbi. Idan aka haɗa kan sarƙar da wutsiyarta, sai ta koma zobe. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake ƙulla irin wannan zobe, da dalilin da ya sa siffarsa ta zama abin kula ga masu haɗa magunguna.

2.0 Amfanin Zobe

Sarƙar da bakinta yake buɗe ba ta daɗewa a jikin mutum, domin sinadaran narkar da abinci da na cikin jini kan yanyanka ta, wasu ma daga bakin suke farawa. Zobe kuwa ba shi da baki, kuma ba ya lanƙwasa yadda ya ga dama. Misali shi ne giramisidin S, mai amino asid 10, wanda Gause da Brazhnikova suka gano a Tarayyar Sobiyat a 1942, aka yi maganin raunukan sojoji da shi. Haka kuma saikulosforin, mai amino asid 11, shi ke hana jiki ƙin gaɓar da aka dasa masa.

3.0 Yadda Ake Haɗa Feftoyid

Feftoyid kwaikwayon feftayid ne. Bambancinsu shi ne, reshen da yake manne da kabon a feftayid, a jikin naitirojin yake a feftoyid. A 1992 Zuckermann da abokan aikinsa a Amurka suka fito da hanyar gina shi a kan ƙwayoyin roba, bisa dabarar da Merrifield ya shimfiɗa a 1963. Mataki biyu ake maimaitawa: a liƙa asid ɗin buromo'asetik, sannan a kawo amin ya maye gurbin buromin. Bayan sarƙa ta kai tsawon da ake so, sai a ɓalle ta daga robar, a tsarma ta ƙwarai a ruwan haɗi. Tsarmawar ita ke sa kowace sarƙa ta riski wutsiyarta kafin ta ci karo da wata.

4.0 Siffar Zoben

Kowace mahaɗa a sarƙar tana iya tsayuwa ta fuska biyu: sis, inda sassan da ke maƙwabtaka suke gefe ɗaya, ko tirans, inda suke gefe dabam-dabam. Feftayid ya fi karkata ga tirans, saboda haka gajeriyar sarƙarsa takan miƙe, ta ƙi rufuwa. A feftoyid kuwa fuskokin biyu kusan kunnen doki suke, don haka lanƙwasawa ba ta yi masa wuya. A 2007 ayarin Kirshenbaum na Jami'ar Niyok ya nuna tsarin zobba masu gaɓa 6 da 8, inda mai gaɓa 6 ya ƙunshi sis 4 da tirans 2.

5.0 Kammalawa

An ga cewa matsar da reshe zuwa naitirojin shi ke sauƙaƙa ƙulla zobe, rufe zoben kuma shi ke tsayar da rassan a muhalli sananne. Sai mai bincike ya san wannan muhalli sannan zai iya tsara sinadarin da zai dace da furotin ɗin da yake son kamawa.