GIDA DA JIRGI: LOKUTAN SHEKARA A RAYUWAR IYALIN BAKIN KOGI

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibi ya kawo lokutan shekara a ƙasar Hausa, nan take zai jero bazara da damina da kaka da hunturu, wani ma ya ƙara da rani. Amma idan aka ce ya faɗi aikin da kowane lokaci yake ɗora wa magidanci da iyalinsa, sai aji ya yi tsit. Alhali kuwa Bahaushe da aiki ya san lokutan nan, domin kowannensu yana zuwa da abin da ya wajaba a yi, da kuma hasarar da za ta biyo baya idan aka ƙi yi. Wannan darasi zai dubi shekarar miji da mata waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan abubuwa biyu, wato gidan da suke kwana da jirgin da suke neman abinci da shi. Za a ga cewa duka biyun ruwa ne yake yi musu hukunci, kuma aikin da aka yi da rani shi ne yake nuna abin da zai tsira da damina.

Wurin da Aka Ɗauki Misali

Unguwar Mu'azu tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, tana maƙwabtaka da Tudun Wada da Kabala West, kuma babu nisa tsakaninta da Kogin Kaduna. Kogin ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa cikin Kogin Kwara a ƙasar Nufe. A bakinsa ne Turawan mulki suka kafa birnin, suka maido da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Da yawa suna ganin sunan garin ma daga jam'in kalmar kada ya samo asali.

Yawancin mazauna unguwar 'yan kasuwa ne da ma'aikata da masu sana'ar hannu, ba su da wata hulɗa da jirgi. Sai dai a gefen kogin, nan da sauran unguwannin da ya ratsa, ba a rasa magidantan da suke da kwale-kwale, suna su ko fito ko ɗibar yashi. Irin wannan magidanci da uwargidansa za mu bi daga ɗaukewar ruwa zuwa dawowarsa.

Kaka da Hunturu

A Kaduna ruwa yakan ɗauke a cikin watan Oktoba. Daga nan kogi yakan soma janyewa, ya bar tafkuna da kududdufai a fadama, kifin da ya bi ambaliya ya maƙale a cikinsu. Wannan ne lokacin da su yake auki. Maigida yakan fita da asuba da kalli ko birgi, ya duba mamarin da ya kafa tun jiya, ya dawo da tarwaɗa da karfasa da kurungu. Aikinsa ya ƙare a bakin gaɓa, na uwargida ya soma. Ita ce take feɗe kifin, ta soya na sayarwa a ranar, ta yi bandar wanda za a ajiye. Ribar da take samu takan zuba ta a adashi, kuma za mu sake haɗuwa da kuɗin nan a gaba.

Da hunturu ya kankama, ruwa yakan yi sanyi, shigarsa da sassafe sai dole. Tsibiran yashi sukan bayyana a tsakiyar kogin, sai jirgin su ya koma jirgin yashi. Ana tura shi da gwangwala zuwa inda yashi yake da kyau, a cika shi, a sauke a gaɓa inda tifa take jira. Yashin nan shi ne ake buga bulo da shi, shi ne kuma birkila yake haɗawa da siminti. Ke nan kogin da yake rushe gidaje da damina shi ne yake ba da kayan gina su da rani. Sai dai sana'ar tana da illa idan aka yi haƙa kusa da gaɓa ko gindin gada, domin ƙasa takan zaizaye, gonakin lambu da gidajen gefe su bi ruwa.

Rani da Bazara: Lokacin Gyara

Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Janairu zuwa Afrilu ne ake yin duk wani gyara na gida, kuma dalilin a fili yake: ginin ƙasa yana bukatar rana kafin ya bushe, ga shi kuma aikin gona bai taso ba.

A gidan gargajiya, abin da ake fara dubawa shi ne gindin katanga, inda ruwa ya ci ya bar rami. Ana samo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ramno, wato yankakkiyar ciyawa ko tattakar dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki tana ruɓa. Ramnon ne yake riƙe ƙasar ya hana ta tsagewa idan ta bushe. Inda bango ya faɗi ana ɗora sabon tubali, sannan a bi da yaɓe. Daga nan sai a hau soro. Rufin soro azara ce take ɗauke da shi, wadda ake tsagowa daga itacen giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba. Tsawon da azara take iya ɗaukar nauyi ba tare da tallafi ba bai cika wuce mita 2 ba, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo domin faɗaɗa ɗaki, kamar yadda ake gani a tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Idan azara ɗaya ta lanƙwashe, ruwa zai kwanta a wurin, kuma soron da ruwa ya kwana a kansa ya kama hanyar ruftawa.

Ya kamata ɗalibi ya lura da fasahar da magabata suka yi wajen hana ruwa shiga gini tun kafin zuwan siminti. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a jiƙa, a shafe bango ko a yayyafa wa daɓe. Laso kuwa, wanda ya fi ta ƙarko da tsada, haɗi ne na katsi daga karofin marina, da gashin dabbobi daga majema, da ruwan dafara. Dubi yadda sana'o'i uku suka haɗu a kan rufin ɗaki ɗaya: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya kankare su ne magini yake nema. Indararo kuma aikinsa shi ne ya jefa ruwan rufi nesa da bango. Idan ya toshe ko ya karye, duk sauran wahalar ta tashi a banza.

A Unguwar Mu'azu ta yau bulo da kwano sun rinjayi tubali da azara, amma lokacin gyaran bai sauya ba. Abin tsoro a yanzu shi ne iskar farkon damina, wadda takan yaye kwanon unguwa guda cikin 'yan mintoci. Saboda haka ake kiran kafinta ya bi ƙusoshi, ya sauya katakon da gara ta ci, a shafa wa sabon baƙin mai, a ɗaure rufin da jikin gini da ƙarfe. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano, wanda aka saba gani, dabarar marar hali ce, kuma dutsen kansa yakan zama abin jifa idan iska ta yi ƙarfi. Akwai kuma wani kuskure da ya yawaita, wato shafe ginin ƙasa da siminti a ɗauka an huta da yaɓe. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Da zarar shafen ya tsage, ruwa zai shiga ta baya ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana nan sumul, har ranar da zai zube gaba ɗaya.

Ina matsayin uwargida a duk wannan? A al'ada da shari'a, matsuguni haƙƙi ne a wuyan miji. Amma wadda take yini a gida ita ce ta san kusurwar da ta yi yoyo bara, da inda ta tara kwanuka tana tarar ruwa, da wurin da bango yake yin gumi. Kafinta mai hankali ita yake sa a tambaya kafin ya hau. Sau da yawa ma kwasar adashinta ce take sayen kwanon da za a sauya, ko da yake ba kasafai ake faɗin haka a zaure ba. Daɓe kuwa aikin mata ne tun asali. Takan gayyato maƙwabta, a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa makuba, a yi ta bugu da maɗaɓi ana waƙa. Daga nan ne adabin baka ya sami waƙoƙin daɓe, waɗanda siminti da tayil suka kusa kai su kushewa. Bayan daɓe sai shafen farar ƙasa ko fenti, sai ta sauke jerenta ta wanke ta mayar.

Jirgi ma a wannan lokaci ake duba shi. Na sassaƙa daga gungumen itace ɗaya ake fafe shi, irin su maɗaci. Na katako kuwa haɗa shi ake yi da ƙusa. Ana jawo shi gaɓa a kife, a kankare gansakuka, a cusa tsumma ko auduga a tsagogi, a bi da narkakkiyar kwalta, babbar kafa kuma a yi mata faci da gwangwani. Ba a barin sa ya daɗe a tudu, domin ranar bazara takan busar da itacen ya daddare. Wato bango yana son rana yana gudun ruwa, jirgi kuwa yana son ruwa yana gudun rana, kuma mutum ɗaya ne zai raba kwanakinsa tsakaninsu.

Damina

Ruwa yakan sauka a Kaduna daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba. A nan ake ganin sakamakon aikin rani. Ɗibar yashi takan ragu saboda zurfi da ƙarfin igiya, fito kuma ya yi kasuwa, tun da mashigan da ake ratsawa da ƙafa sun nutse. Kwaɗayin kuɗin fito shi ne yake sa a yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Abubuwan da ake yawan ambata bayan irin waɗannan haɗurra ba sa sauyawa: tsohon jirgi, lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Biyun farko tun a gaɓa ake iya ganin su.

A gida kuwa, uwargida ce mai gadin kwata. Ledar da aka watsar da rani ita ce take toshe magudana, ruwa ya juyo tsakar gida ya kwanta a gindin bango. Idan kogin kansa ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi wa unguwannin gaɓar Kaduna a 2003 da 2012, babu yaɓen da zai tare shi. Jirgin da aka toshe da rani shi ne yake kwashe yara da tsofaffi da buhunan hatsi zuwa tudu.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake raba shekara tsakanin gida da jirgi ba. A Turai da Amurka akwai ma'auratan da suke shafe watannin zafi suna yawo a teku cikin jirgin da iska take turawa ta hanyar ƙyallen da aka ɗaura wa doguwar sanda, idan sanyi ya shigo su fitar da shi su koma gyaran gida. A Legas ma an kafa ƙungiyar masu irin wannan jirgi tun 1932. Nasu nishaɗi ne, na mutumin bakin Kogin Kaduna kuwa abinci ne.

Abin da Ya Shafi Malami

Malamin Hausa zai tarar da ɗalibai, musamman a birni, waɗanda ba su taɓa ganin azara ko indararo ba, balle laso. Rubuta musu kalmomin a allo su haddace ba ya wadatarwa, domin kalmar da ba a san aikinta ba ba ta zama a ka. Haka ma karin magana. Yaron da ya ga yadda tsaga take soma cin katanga shi ne zai gane dalilin cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kalmar jirgi kanta darasi ce a kan yadda harshe yake faɗaɗa ma'ana. Asalinta na ruwa ne. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai aka sami jirgin ƙasa, da wani ya sauka daga sama a birnin a 1925 aka sami jirgin sama, har ya zama dole a ƙara wa na asalin kalmar ruwa kafin a gane shi. Daga nan malami yana iya wucewa zuwa sarautar Sarkin Ruwa, da Sarkawan Kabi da Yawuri, da bikin kamun kifi na Argungu wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934.

Idan makaranta tana kusa da kogi, watan Maris ya fi dacewa a kai ɗalibai gaɓa, lokacin da ruwa ya yi ƙasa kuma jirage suna kife ana toshe su, da sharaɗin kada kowa ya shiga ruwa. Inda babu kogi, a tura kowane ɗalibi ya tambayi wata dattijuwa a gidansu yadda ake daɓe da abin da ake zubawa a ciki, ya rubuto da kalmomin da ta yi amfani da su, ko da sun saɓa wa Daidaitacciyar Hausa. A aji sai a kwatanta na Bazazzagi da na Bakatsine da na Basakkwace.